Yadda Za Ki Tara Jini Tun Cikin Yana Ƙarami

'Yar'uwa, in dai wata ya wuce ba ki ga al'ada ba, kin yi gwaji kuma ya nuna, toh aikin neman jini ya fara daga ranar, ba sai ciki ya turo riga ba. Mu nan Zariya da yawanmu sai ciki ya kai wata biyar ko shida sannan ake zuwa yankar katin awo, wata kunya ce ke hana ta musamman in cikin fari ne, wata tsoron bakin mutane, wata kuma ta ce ai lafiyarta lau me za ta je yi asibiti ta wuni a layi. Sai an je an ɗibi jini nas ta ce Hajiya jininki ya yi ƙasa fa, sannan hankali ya tashi a shiga sayen maganin ƙarin jini kala-kala, alhali lokacin da ya fi sauƙin gyara ya riga ya wuce.

Ga yadda abin yake. Jinin mai ciki ƙaruwa yake yi, kafin haihuwa yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari a kan yadda yake da. Jan ƙwayoyin jinin nan kuwa ba sa ginuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa ayon, shi ne ke riƙe iskar da kika shaƙa ya kai ta ko'ina a jikinki har zuwa wurin yaron. Daga shigar ciki zuwa haihuwa jikinki zai ci kusan miligiram 1,000 na wannan sinadari, wani ya tafi ginin jininki, wani yaron ya kwashe ya ajiye a hantarsa dan ya yi amfani da shi a watannin farko bayan haihuwa, wani mabiyiya ta ɗauka, wani kuma ya zube ranar haihuwa. A wata ukun farko buƙatar ba ta da yawa sosai tunda al'ada ta tsaya kuma yaron bai yi girma ba, daga wata na huɗu ne take hawa, a wata ukun ƙarshe kuma ta ninka sau da yawa. Shi ya sa farkon ciki lokacin cika rumbu ne, wadda ta shiga tsakiyar ciki da rumbu fanko ita ce za ki ga tana haki in ta ɗauko bokiti daga bakin rijiya zuwa ɗaki.

Kuma kar ki ce ke ba ya shafe ki. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 61 cikin ɗari na masu ciki suna da ƙarancin jini, wato a layin awo in kin ƙirga mata goma, shida suna da shi. Maganar ma ba sabuwa ba ce a garin nan, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985, kuma cikin abubuwan da aka gano a aikin da suka yi a Zariya har da cewa 'yan mata masu ƙananan shekaru da suka samu ƙwayar ƙarfe da folik asid da maganin kariya daga maleriya lokacin goyon ciki sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. A kan iyayenmu aka gano wannan, duniya ta ɗauka tana aiki da shi, toh bai kamata mu mu zama na baya ba.

Abu na farko da za ki yi, ki je awo kafin ciki ya cika sati 12. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2016, zuwa awo sau takwas a tsawon goyon ciki, na farko a cikin wata ukun farko. Ko asibitin koyarwa na Shika ne, ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko ƙaramin asibitin unguwarku, wanda ya fi miki kusa kuma za ki iya jurar zuwa shi ne naki. In kunya ce ki sa hijabinki ki tafi da yayarki ko ƙawar da kika yarda da ita, babu wanda zai gane me ya kai ki. Za a tsaga miki yatsa ko a ɗibi jini a hannu a duba PCV, wato awon yawan jan ƙwayoyin jininki, dan Allah kar ki karɓi kati ki cusa a jaka kawai, ki tambaya nawa ne. In PCV ya yi ƙasa da 33, ko awon himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 11, akwai ƙarancin jini. In himogulobin ya gaza 7 wannan mai tsanani ne, ba na zama a gida ana dafa ganye ba ne. Ki sa a duba miki jinotayif ma in ba ki san naki ba, saboda mai sikila ba ta shan ƙwayar ƙarfe da kanta sai likita ya duba ya ce, nata ƙarancin jinin dalilinsa daban ne kuma ƙarfen na iya taruwa ya yi mata yawa.

Sai maganar ƙwayoyin nan biyu da ake bayarwa a awo, ja ko ruwan ƙasa ɗin nan da muke ce wa fasolet, da ƙaramar rawaya wato folik asid. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta samu miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid kullum, a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa irin namu kuma an fi son 60 ɗin. Ƙwayar fasolet mai lamba 200 a jiki tana ɗauke da kusan 60 zuwa 65 na ainihin ƙarfen, kenan guda ɗaya a rana ta isa kariya, in kuma jinin ya riga ya yi ƙasa likita ne zai faɗi yadda za ki sha. Ita folik asid ta fi kowa gaggawa, domin bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar yaro yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da wata ma ba ta gama tabbatar da tana da cikin ba. Shi ya sa in kina sa ran ciki, amarya ce ke ko kin yaye kina jira, ki fara shan ta tun yanzu. Wadda ta taɓa haifar yaro da ƙari a gadon baya, ko mai shan maganin farfaɗiya, ko mai ciwon suga, ta faɗa wa likita da wuri domin nata adadin ya fi na sauran.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, yadda ake shan ƙwayar. Da yawa sai an haɗa shayi mai kauri da madara da burodi da safe sannan a kora ƙwayar da shi, toh wallahi kusan aikin banza aka yi. Ganyen shayi yana da wani sinadari mai ɗaure ƙarfe a cikin hanji ya hana jiki tsotsa, kofi ɗaya na iya rage abin da za ki samu da fiye da rabi, madara kuma kalsiyom ɗin da ke cikinta yana yin nasa tarewar. Haka kofi irin su Neskafe, haka goro, haka farin maganin ƙwannafi ɗin nan na ruwa ko na taunawa. Ba cewa na yi ki daina shan shayi ko fura da nono ba, nono abinci ne mai kyau ga mai ciki in dai an tafasa madarar kafin a yi shi, raba musu lokaci za ki yi. Ki bar tazarar awa biyu tsakanin ƙwayar da waɗannan. Ki sha ta da ruwa zalla, in da hali ki bi ta da lemun zaƙi ko gwaba, bitamin C ɗin da ke cikinsu yana buɗe wa ƙarfen hanya. Ni a ganina lokacin da ya fi wa mace mai laulayi sauƙi shi ne da daddare bayan isha'i in za ta kwanta, tashin zuciyar sai ya same ta tana barci, kuma lokacin an yi nisa da shayin safe. In azumi ya riske ki kuma likita ya ce za ki iya, haka dai za ki yi, bayan buɗa baki da tazara, ba tare da shayin sahur ba.

Za ki ga bayan gida ya yi baƙi, kar ki tsorata, ƙarfen da jiki bai ɗauka ba ne ke fita. Wata kuma cikinta zai ɗaure, maganinsa ruwa da yawa da ganye da 'ya'yan itace da ɗan tattaki a tsakar gida. Abin da ba na so shi ne ki jefar da ƙwayar a bayan gado ki yi shiru, ranar awo a tambaye ki ki ce kina sha. In ta gagare ki ki faɗa, ana iya canza miki wata iri ko a sauya yadda za ki riƙa sha. In aman ya yi yawa a makonnin farko har ba abin da ke zama, ki riƙe folik asid ɗin dai tunda ƙarama ce ba ta cika tayar da zuciya ba, ki koma asibiti a san yadda za a yi da ta ƙarfen. Kuma ki ɓoye su inda hannun yara ba ya kaiwa, ƙwayar nan kamar alawa take a idon yaro, in ya kwashi da yawa ya haɗiye guba ce mai iya kisa, a ruga da shi asibiti nan take.

Toh abinci fa? Mai ciki tana buƙatar wajen miligiram 27 a rana, macen da ba ta da ciki 18, kuma gaskiya da wuya abincinmu na kullum shi kaɗai ya cike wannan, shi ya sa ƙwaya da abinci tare suke tafiya. Ƙarfen da ke cikin abinci iri biyu ne. Na nama da kifi da kaza jiki na ɗaukarsa cikin sauƙi, kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari. Na ganye da hatsi da wake kuwa kaɗan ake samu, wani lokaci bai wuce kashi 2 zuwa 20 ba, ya danganta da abin da kika haɗa shi da shi. Dan haka jan nama ko yanka biyu uku ne a miya yana da amfani, ba ƙarfensa kaɗai ba, yana ma taimaka wa jiki ya tsotsi na ganyen da aka dafa su tare. Tsire da balangu duk lafiya in sun gasu har ciki babu ja-ja, ƙwai ma a dafa shi ya yi tauri. Busasshen kifi da kirafish da ake dakawa a zuba a miya suna da araha fiye da nama, 'yar gwangwani ɗaya daga kasuwar Sabon Gari za ta yi miki kwanaki.

Hanta sai na tsaya a kanta, domin da an ce mace ba ta da jini abin da kowa zai fara cewa shi ne a siyo mata hanta. E tana da ƙarfe sosai, amma tana da bitamin A irin na dabba mai yawan gaske, wanda in ya yi yawa a watannin farko yana iya taɓa halittar yaro. A Ingila ma cewa ake masu ciki su bar ta gaba ɗaya. Saboda haka a wata ukun farko ki haƙura da ita, ki ci tsokar nama. In Hajiya ko Inna ta aiko miki da ita cikin ƙauna ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ba maigida da yara, daga baya ki yi mata bayani cikin ladabi cewa a asibiti aka ce a dakata.

Wadda kuɗin nama ya yi wa wuya kar ta karaya, Allah ya hore mana abubuwa a ƙasar Zazzau. Wake yana gaba, kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da wajen miligiram 4, ga alale ga ƙosai ga ɗanwake ga shinkafa da wake. Waken suya da awara, daddawar kalwa, riɗi, gyaɗa da ƙuliƙuli, gero, sai ganyayyaki irin zogale da alayyahu da rama da kuka da ugu. Dabarar ita ce kar ki ci su su kaɗai, ki raka su da abu mai bitamin C a kwano ɗaya. Ɗauki kwaɗon zogale misali. Ki zage ganyen ki wanke, ki dafa shi da ruwa kaɗan ya yi laushi kawai, ba ki bar shi yana tafasa har ya koma baƙi ki tsiyaye ruwan ki zubar ba. Ki daka ƙuliƙuli da ɗan yaji, ki yanka ɗanyen tumatir da albasa da tattasai da kika wanke da kyau, ki zuba a kai ki cakuɗa da ɗan man gyaɗa, a ƙarshe ki matse rabin lemun tsami a kai kafin ki kai baki. Tumatir da tattasai da lemun tsamin nan su ne za su ciro ƙarfen zogalen su ba jikinki, kuma ɗan tsamin yana wa mai laulayi daɗi. Haka in kin yi wake, ki yanka ɗanyen tumatir a kai ko ki sha lemun zaƙi bayan kin gama maimakon shayi.

Wasu ƙananan abubuwa na kicin ma suna da tasiri. Jiƙa wake ko gero ya kwana kafin a dafa, da barin gasara ta yi tsami kamar yadda muke yi wa koko, yana rage abin da ke ɗaure ƙarfe a cikin hatsi, kenan kokon da kika saba sha da ƙosai ya fi shayi da burodi amfani nesa ba kusa ba. Kanwa kuma ki rage ta, na san tana sa wake ya nuna da wuri kuma ganye ya yi kore shar, amma tana kashe bitamin C da wasu bitamin ɗin. In kin jiƙa waken tun dare ba ki ma buƙatarta sosai.

Laulayi shi ne babban abin da ke hana duk wannan, na sani, mace tana jin ƙamshin miya zuciyarta ta tashi. Kar ki jira yunwa ta kama ki domin ciki fanko ya fi tayar da zuciya. Ki ajiye busasshen abu kusa da gado, biskit ko gasasshen burodi ko 'yar gyaɗa, ki ɗan ci kafin ki miƙe da asuba. Ki riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar shida maimakon cika kwano sau uku, ruwa kuma ki riƙa kurɓa tsakanin abinci. Citta tana taimakawa, ki daddaka ɗanya kaɗan a ruwan zafi. In warin girki ne matsalar a samu mai taya ki, ko ki ci abincin bayan ya huce tunda mai sanyi bai cika tashi ba. Amma in amai ya kai ko ruwa ba ya zama, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, kina ramewa, wannan ya wuce laulayin da ake daurewa, ƙarin ruwa ake yi a asibiti.

Akwai abubuwan da muke ɗauka suna ƙara jini alhali ba haka ba ne. Maltina da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai ciki, suga ne da ɗan ƙarfi na lokaci kaɗan, madara ba ta da ƙarfen kirki kuma tana ma tare wanda ke akwai. Zoɓo jan launinsa ba jini ba ne. Kwalaben tonik masu tsada na kemis kuwa, ki juya bayan kwalbar ki duba adadin ƙarfen da ke cikin cokali ɗaya, sau da yawa bai kai na ƙwayar da ake ba ki a awo kusan kyauta ba. Sai kwaɗayin farar ƙasa ko gawayi ko taunar ƙanƙara, da muke cewa ai cikin ne ke so. Yawanci alama ce ta ƙarfen jiki ya yi ƙasa, ita farar ƙasar kuma tana ƙara ɗaure ɗan wanda kika ci, tana iya zuwa da tsutsar ciki. In kin ji wannan sha'awar ki faɗa wa nas a duba jininki. Jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba ki san me ke ciki ba ki bar su, musamman a watannin nan da ake halittar gaɓoɓin yaro.

Duk abin da kika tara kuma akwai masu sace shi. Maleriya ce ta farko, tana fasa jan ƙwayoyin jini kai tsaye, kuma mai cikin fari ta fi shiga haɗari, da damina sauron Zariya ba sai na ba ki labari ba. Ki kwana cikin gidan sauro mai magani tun daga daren yau. Maganin kariya da ake ba masu ciki, Fansida ɗin nan mai ƙwaya uku, ba a shan sa a wata ukun farko, sai daga sati na 13 ake farawa, sannan a riƙa maimaitawa da tazarar aƙalla wata guda, a awo za a ba ki. Maganin tsutsar ciki shi ma sai an wuce wata ukun farko. In zazzaɓi ya kama ki kar ki aika yaro kemis ya haɗo miki, ki je a gwada a ba ki wanda ya dace da watannin cikinki. Haihuwa kusa da kusa ita ma tana cinye ajiya, wadda ta samu ciki tana goyo ta san cewa ita ce ta fi kowa buƙatar zuwa awo da wuri.

Malam maigida, kai ma da kai ake. Kuɗin katin awo da na mota da izinin fita suna hannunka, kuma in za ka dawo da yamma lemu da gwaba da ƙullin kifi sun fi mata kwalin lemun kwalba. In an zuba miya a bar mata nama a kwanonta, ba a kwashe wa maza a bar mata romo ba.

Ke kuma ki riƙa duba kanki a gida. Ki tsaya gaban madubi da rana inda haske yake, ki ja fatar idonki ta ƙasa da yatsa, cikin ya kamata ya zama ja sosai, in kin ga ya yi fari-fari ko ruwan hoda mai haske, ki duba tafin hannunki da farcenki da harshenki su ma. In aka haɗa da jiri in kin miƙe, bugun zuciya da sauri, haki daga ɗan aiki kaɗan, ciwon kai da kasalar da barci ba ya warewa, kar ki jira ranar da aka rubuta miki a kati. Zubar jini ko kaɗan ne, ciwon mara mai tsanani, ko numfashi sama-sama kina zaune, waɗannan na tafiya asibiti ne a ranar ko da tsakar dare.

In an ce jininki ya yi ƙasa an ɗora ki a kan magani, ki nemi a sake gwadawa bayan sati biyu zuwa huɗu, domin in maganin na aiki ya kamata lambar ta fara hawa. In ba ta motsa ba sai a binciki dalili, ko yadda kike shan ƙwayar ne, ko maleriya, ko tsutsa, ko wani abu daban, kuma akwai ƙarfen da ake sawa ta jijiya ga wadda ƙwaya ta gagara bayan an wuce watannin farko. Ko da jinin ya dawo daidai ba a tsayawa, za ki ci gaba da sha har haihuwa, bayan haihuwa ma ki ƙara sati 6 zuwa 12 kina cikin jego.